Nuna Gidan Haya a Tsakiyar Damina

Gidan da nake magana a kai ƙarami ne: ɗaki biyu da falo, da madafa, da banɗaki ɗaya, sai ɗan tsakar gida wanda idan aka shanya zannuwan gado biyu ya cika. Yana Unguwar Rogo a cikin garin Jos. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya gina shi a gefen babban gidanmu domin haya, kuma da aka zo rabon gado ya faɗo a kasona. Ya yi shekara uku a rufe, saboda ɗan hayan ƙarshe ya bar shi a yanayin da ba zan iya karɓar kuɗin kowa a kansa ba, ni kuma ba ni da halin gyara a lokacin.

Na fara aikin a farkon 2024, wato daidai lokacin da bai kamata mai hankali ya taɓa gini ba, domin buhun siminti ya haura naira 10,000, kuma tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin ɗauko yashi da tsakuwa kaɗai ya isa ya sa mutum ya ajiye niyya. Na yaye tsohon kwano na sa sabo, na sayo katakon rufi a kasuwar Katako, na cire silin ɗin da ya yi ciki saboda yoyo na maye shi da na roba, aka sake wayarin gaba ɗaya, aka shimfiɗa tayil a ƙasa. Abin da na fi alfahari da shi shi ne tagogi. Tsofaffin na gilashi ne mai hawa-hawa, irin wanda ko an rufe shi iska na samun hanyar shiga, kuma duk wanda ya taɓa kwana a Jos a watan Disamba ko Janairu ya san cewa garin da ke kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200 ba a wasa da tagarsa. Na sa na alminiyam masu rufuwa ruf, na kuma sa hita a banɗaki.

Abu ɗaya ne ya gagare ni, shi ne bangon yamma na ɗakin ciki. Daga ƙasa zuwa kamar gwiwar mutum, bangon yana jan danshi duk damina, fenti ya kumbura ya ɓare, wani farin abu mai kama da gishiri ya fito a jikin filasta. Tsohon maginin da ya yi mini aiki ya bayyana mini dalili: a zamanin da aka gina gidan ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashin daɓe, kuma unguwar tamu a kan dutse take, saboda haka ruwan sama ba ya nutsewa ƙasa sosai, sai ya bi gefe ya tsaya a gindin gini, bulo kuma ya riƙa shan sa kamar yadda lagwani ke shan kananzir. Mun haƙa magudana a bayan bangon, mun zuba kankare a gindinsa domin ruwan indararo ya daina kwanciya a wurin, danshin ya ragu ƙwarai amma bai tafi duka ba. Mai fenti ya ba ni shawarar da kowa ke bi, cewa a manna tayil a jikin bangon zuwa ƙugu, ba wanda zai gane. Maginin ya girgiza kai, ya ce tayil ba ya kashe danshi, tura shi sama yake yi, bayan damina biyu zai ɓullo a saman tayil ɗin, a inda ya fi muni. Na bar bangon da fentinsa kawai.

A kan wannan bango ne muka saɓa da dillalin da na ba gidan. Aikin ya kammala a ƙarshen Yuli, shi kuma ra'ayinsa shi ne a jira sai Nuwamba, ruwa ya ɗauke, a sake shafa fenti, sannan a fara kawo mutane. Ya ce da ni, "Malam, ba a kai amarya gidan miji da kayan barci. Gida ma ado yake so." Ban ga laifinsa ba, domin sana'arsa ke nan, kuma la'adarsa ta kashi 10 cikin 100 tana ƙaruwa ne idan kuɗin haya ya ƙaru. Na kai maganar wurin mahaifiyata, ina zaton za ta ce in bi ta masu sana'a. Sai ta tuna mini da hadisin nan na mai sayar da abinci wanda ya tara jiƙaƙƙen a ƙasa ya rufe da busasshe, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu ya ji lema, ya tambaye shi me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama ba domin mutane su gani. Daga nan ta ƙara da tata hujjar, wadda ta fi kusa da ita: katanga ɗaya ce tsakaninta da duk wanda zai shiga gidan, kuma idan ya gano an rufe shi, ni ina can wurin aikina, ita ce za ta riƙa haɗa ido da matarsa safe da yamma.

Saboda haka muka fara nuna gidan a watan Agusta, bayan an sassauta dokar hana fitar da aka sanya a Jos lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, a tsakiyar ruwa, lokacin da rana kan yi kwanaki ba ta fito da ƙarfi ba. Na kan riga kowa zuwa in buɗe tagogi domin warin fenti ya fita, in share ruwan da ya taru a bakin ƙofa, in cika tanki.

Na farko ɗalibai ne su huɗu, domin harabar Jami'ar Jos ta titin Bauchi ba ta da nisa da mu. Ba su dubi bango ba, ba su dubi rufi ba, soket kawai suka ƙirga, suka ɗaga wayoyinsu sama a kowane ɗaki suna gwada sabis. Na sallame su da girma, saboda gidan manne yake da na tsohuwa. Bayansu wani ma'aikaci da aka yi wa canji daga Kano ya zo, ya yi ta neman inda zai kafa na'urar sanyaya ɗaki, na ce masa ya jira Disamba tukuna, bargo zai nema. Shi ne ya tsaya ya karanta mita, ya tambaya ko muna rukunin A, wato na unguwannin da aka fi ba wuta, domin tun da aka kai kuɗin wutar wannan rukuni naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, wadatar wuta ta zama abin da ɗan haya ke so kuma yake tsoro a lokaci guda. Mita mai kati ta burge shi, tunda ba zai gaji bashin wani ba kuma ba za a haɗa masa bil da maƙwabta ba, amma lungunmu mota ba ta shiga, sai ya haƙura.

Akwai tambayar da kusan kowa ya yi, kuma da murya ƙasa-ƙasa ake yin ta, yawanci a bakin ƙofa bayan an gama zagaye: "Yaya nan ɗin idan gari ya rikice?" Baƙo ba zai fahimci nauyinta ba. Tun rikicin Satumban 2001, da na 2008, da na 2010, zaman garin ya rabu gida biyu, kuma mai neman haya kan auna nisan gida da iyakar unguwa kafin ya auna faɗin falo. Ina yaro, iyalin da suka fara zama a wannan gida Kiristoci ne, da 'ya'yansu muka yi wasan ƙwallo a lungun nan, suna kawo mana shinkafar Kirsimeti muna kai musu naman layya. A cikin duk waɗanda suka zo duba gidan a shekarar nan ta 2024 ba a samu irinsu ko ɗaya ba, kuma dillali ma bai yi tunanin kawo su ba.

Waɗanda suka karɓi gidan sun zo ne wata Asabar da hantsi, ana yayyafi. Wani saurayi ne malamin makaranta da aka sa ranar aurensa bayan damina, ya taho da gwaggon amarya da wata yayarta. Shi tun daga falo ya gama yanke shawara, yana ta shafa tayil da ƙafa yana murmushi. Gwaggon ba ta ko kalli tayil ba. Dattijuwa ce da ta yi wa 'ya'yan dangi jere ba adadi, kuma ta shigo da wata igiya a ƙulle a gefen mayafinta, mai ƙulli uku: tsawon gado, faɗin gado, da faɗin wadirof. Ta miƙa wa yayar amarya bakin igiyar, suka bi ɗakunan suna awo ba tare da sun ce da ni uffan ba. Ta auna har faɗin ƙofa, domin, in ji ta, ta taɓa ganin inda sai da aka kwance ƙyaure kafin kujera ta shiga, dangin ango na tsaye suna kallo.

A madafa ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba, ta sunkuya tana duban ƙarƙashin wurin wanke-wanke ko akwai ɗigo. Ta tambaye ni daga ina ruwan yake, na ce daga rijiyar babban gida ake turo shi tanki. Ta ce, "A watan Maris fa, ɗana?" Na faɗa mata gaskiya, cewa rijiyar kan ja baya a ƙarshen rani, sai a haɗa da 'yan garuwa na 'yan makonni. Ta gyaɗa kai, kamar wadda dama amsar da take jira ke nan. Ta shiga banɗaki ta zuba ruwa bokiti guda a ƙasa, ta tsaya tana kallon inda zai bi. Alhamdu lillahi ya nufi rariya. Ta tambayi inda sokawe yake da tazararsa da rijiya, tambayar da a cikin duk maza masu takardun da suka zo babu wanda ya yi ta.

Da muka shiga ɗakin ciki ban jira ta gano ba. Na ce, "Gwaggo, ga inda gidan yake da aibi," na nuna mata bangon, na gaya mata abin da aka yi da abin da ya rage. Dillali ya juya yana kallon taga. Ta durƙusa da ƙyar, tana dafa gwiwa, ta ɗora bayan hannunta a jikin filastar ta daɗe, sannan ta kai hancinta kusa ta shinshina. Ta ce tun daga ƙofa ta ji warinsa, tana jira ne ta ga ko zan faɗa. Ta ce gida uku suka duba kafin wannan, biyu daga ciki an manna musu tayil zuwa ƙugu a ɗaki ɗaya kacal, ita kuwa duk inda ta ga tayil a bangon ɗakin kwana ta san abin da ke bayansa. Sai ta juya wurin angon ta ce, "Kai, wannan bangon ba a jingina masa katako. Gado ya koma gabas, wadirof ya tsaya kusa da ƙofa, nan kuma a bar taƙi guda iska ta riƙa wucewa." Ta sake ɗauko igiyarta ta gwada sabon tsarin, ya shiga, saura kamar tafin hannu.

Ciniki ma ita ta yi, a tsaye a tsakar gida ƙarƙashin laima. Ta yi amfani da bangon nan ta rage mini kuɗi, kamar yadda dillali ya faɗa tun farko, kuma na yarda cewa da na jira Nuwamba da na samu fiye da haka. Ya ja ni gefe yana ƙunƙuni, na ce masa ya yi haƙuri, zan cika masa la'adarsa a kan farashin farko. Ni kuma na kafa nawa sharuɗɗan: kuɗin shekara ɗaya zan karɓa, ba na biyu ba, domin na san abin da lefe da sadaki suka riga suka yi wa aljihun malamin makaranta, ba a fasa bango ko a sauya fenti sai da izinina, kwashe sokawe da gyaran rufi nawa ne, ƙwan fitila da kan famfo nasu ne. Na nace a rubuta komai, duk da angon ya ce ai an zama ɗaya. Mun sa a takarda cewa notis na wata shida ne, kamar yadda aka saba ga mai hayar shekara, muka kuma rubuta bangon yamma da sunansa, cewa sun gan shi a yadda yake, kuma kankare shi da sake fentinsa duk ƙarshen damina yana wuyana. Shaidu biyu suka sa hannu, ɗaya daga wajensu, ɗaya daga wajenmu, na kai angon ya gaida mai unguwa, sannan na ba shi rasit da makullai.

Kafin su tafi gwaggon ta ce a kai ta ta gaida mai babban gida. Na raka ta, suka zauna da mahaifiyata a kan tabarma, gaisuwar da na zaci ta minti biyar ce ta kai har kiran azahar, ni da ango da dillali muna rakuɓe a zaure muna jiran ruwa ya tsagaita. Da ta fito ta tsaya ta ɗaga kai tana kallon indararon da ke zuba ta bayan ɗakin ciki, ta ce da ni in sa a ƙara masa tsawo kamu ɗaya kafin ranar jere, domin har yanzu yana fantsama a gindin bangon. Na leƙa, na ga haka ne. Ranar Litinin na kira mai walda.