Taku shida a bayan gida

A bayan gidanmu akwai wani ɗan fili, tsawonsa taku shida, faɗinsa huɗu. Shekara da shekaru babu komai a wurin sai igiyar shanya da wani tsohon bokiti. Da aka ba da dogon hutun bana, zafi ya kankama, sai na ga yarana uku sun tare a ɗaki, kowa ya duƙufa a kan waya, tun safe har la'asar ba mai leƙa waje. Abin ya tsaya mini a rai. Wata safiya na ɗauko fartanya na miƙa wa babbar, mai shekara 11, na ce, "Taso mu tayar da wurin can."

Ba da son ranta ta taso ba. Amma da muka kai gindin katanga, inda ruwan wanke-wanke ke bi, ta yi sara ɗaya sai ga tana tana murɗe-murɗe a cikin ƙasa. Autana, ɗan shekara 5, ya ƙwalla ihu wai maciji. Na ɗauke ta na ɗora a tafin hannuna, na ce su matso. Tana ba ta da ido, ba ta da huhu, ta fatar jikinta take numfashi, shi ya sa idan ta bushe sai ta mutu. Ramukan da take haƙawa su ne hanyar da iska da ruwa ke bi su kai ga saiwa, kashinta kuma taki ne. Autan ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Umma, mayar da ita kar ta bushe." Shi ya tona mata rami da yatsa, ya rufe ta da danyar ƙasa.

Mun shuka wake da masara da tumatir, sai kabewa rami biyu a kusurwa. Kwana uku da shuka na lura layin waken autan duk a birkice yake. Ashe kullum da safe sai ya je ya tono irin ya duba ko ya tsiro, ya mayar. Ban yi masa faɗa ba, don abin da yake son gani yana da hakkin ya gani. Na samo kwalba mai faɗin baki, muka cusa jiƙaƙƙiyar auduga, muka saƙala ƙwayar wake huɗu tsakanin audugar da gilashin, kowace mun juya ta wata fuska daban. A rana ta biyu suka kumbura, fatar ta tsage. A ta huɗu farar saiwa ta leƙo. Abin da ya ɗaure wa yaran kai shi ne duk yadda muka kwantar da ƙwayar, saiwar sai ta lanƙwaso ta nufi ƙasa. Na tsakiyan, mai shekara 8, ya kwantar da kwalbar a gefenta don ya rikita su. Washegari bakin kowace saiwa ya sake lanƙwasowa ƙasa. A can ƙarshen saiwa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu nauyi da ke gangarawa duk inda ƙasa take, da su tsiro ke gane sama da ƙasa ko a cikin duhu. Tun daga ranar autan bai ƙara tonon layinsa ba.

Na tsakiyan shi ne mai tambaya. Shi ya ga masarar da muka tsirar a gwangwani a bakin taga duk ta karkata wajen haske, ya ce, "Umma, ai ba ta da ido, ya aka yi ta san inda rana take?" Na ba shi labarin Charles Darwin, masanin nan na Ingila, wanda ya yi wannan binciken tare da ɗansa Francis, suka wallafa sakamakonsa a 1880. Sun riƙa sanya wa kan tsiron ciyawa 'yar hula da haske ba ya ratsawa, sai suka ga wanda aka rufe wa kai ba ya lanƙwasa, wanda aka bari a buɗe kuwa yana bin haske. Wato kan tsiron ne ke jin hasken, ya aika saƙo ƙasa inda lanƙwasar ke faruwa. Ina son wannan labarin saboda uba ne da ɗansa suka duƙa a kan ciyawa tare. Mu ma muka sake tsirar da masara, muka yi wa uku hula da takarda mai ƙyalli tun suna kamar allura, muka bar uku. Masu hular suka tsaya cak, sauran suka sunkuya wajen taga. Yaron nan har tsalle ya yi.

Tumatir ne ya ba mu kunya. Yara suna son ban ruwa fiye da komai, kowa ya wuce sai ya zuba, har ƙasar ta zama caɓi, ganyen ya yi rawaya, biyar daga cikin takwas suka mutu. Saiwa ma tana buƙatar iska, idan ruwa ya cike duk kafofin ƙasa sai ta ruɓe. Muka kafa doka: kafin ka zuba ruwa, ka luma yatsa har gaɓa ta biyu, in ka ji danshi ka ajiye butar. Ban ruwa kuma da sassafe, a gindi, sannan mu lulluɓe ƙasar da busasshiyar ciyawa don kada rana ta shanye shi. Su kansu yaran ba na barin su a waje idan rana ta take. Aikinmu daga fitowar rana ne zuwa ƙarfe 9, sai kuma da yamma liƙis.

Kabewar ce dai ta tafi da zuciyarmu. Ta yi yaɗo har ta hau katanga, ganyenta kamar faifai, sannan ta fara fure, manya, ruwan ɗorawa. Kullum sai mu ga furen ya buɗe da asuba, kafin azahar ya tsuke, washegari ya faɗi ƙasa, babu ɗa. Fiye da mako guda ana haka. Babbar ta zo ta same ni kamar za ta yi kuka, ta ce, "Umma, kabewar nan ba ta da lafiya." Na ce ta je ta duba ƙarƙashin kowane fure ta faɗa mini abin da ta gani. Ta dawo ta ce duk siririn kara ne kawai. Na ce to waɗannan maza ne, su suke fara fitowa, ta ci gaba da dubawa.

Bayan kwana huɗu ta shigo da gudu, ko takalmi babu. Ta samo wani fure da ɗan ƙullutu kore a gindinsa, bai fi kan yatsa ba. Wannan ita ce macen, ƙullutun kuma shi ne kabewar da za a haifa, in har garin furen namiji ya iso gare ta a cikin 'yan sa'o'in da take buɗe. Aikin ƙudan zuma ne wannan. Muka tsuguna mu huɗu muna jira. Ɗaya ya zo ya shige cikin namijin, ya fito jikinsa buɗu-buɗu da rawayan gari, amma sai ya tsallake katanga ya yi tafiyarsa. Rana tana ɗagawa, furen ya fara alamar tsukewa. Sai na tsinko namiji ɗaya, na yaye masa ganyen furen, ya rage ɗan tsinken tsakiya mai garin, na ba babbar. Hannunta na rawa ta shafa shi a tsakiyar macen, a hankali, ta kowane gefe. Na tsakiyan yana riƙe mata ganye, autan yana ta raɗa, "Yaya, a hankali."

Tun daga lokacin na haramta fesa kowane irin maganin ƙwari a filin nan. Darɓa ta kama waken, muka bi ta da ruwa da yatsa. Tsutsa ta ci mana ganye, muka bar mata reshe guda, don yaran su ga yadda za ta naɗe kanta ta fito da fukafukai. Ganye mai huji bai taɓa hana ni barci ba, amma filin da ƙudan zuma ya ƙaurace wa zai hana ni.

Kwana uku bayan shafar nan, furen ya bushe ya faɗi, ƙullutun kuwa bai yi rawaya ba, ya ma ƙara ƙiba. Babbar ta yanko zare, kullum da safe sai ta zagaya cikin kabewar da shi, ta ƙulla alama, ta auna da rula ta rubuta a bayan littafinta na lissafi. Mun sa mata ɗan katako a ƙasa don kada danshi ya ruɓar da ita. Yau da safe zaren ya nuna santimita 61. Autan ya gwada ɗaga ta ya kasa, sai ya kwanta rubda ciki ya manna kunnensa a jikinta, ya ce mu yi shiru yana so ya ji ko girman nata yana da ƙara.