Matakalar da ba ta kai ko'ina

A zangon farko na karatun adana tsofaffin gine-gine a Ingila, an ba kowannenmu cocin ƙauye ɗaya ya auna, ya zana, ya rubuta rahoto. Nawa yana gundumar Suffolk. Kwana uku na yi da tef da fensir cikin sanyin da ke ratsa ƙashi, na fito da zane mai tsabta har ina yaba wa kaina.

Abu ɗaya ne ya dame ni. A jikin bango, daidai inda zauren jama'a ya haɗu da sashen bagade, akwai wata 'yar ƙofa, bayanta matakala ce ƙunƙuntacciya da ta murɗa ta hau, ta ɓullo a wata kafa can sama, babu komai gabanta sai iska. Na rubuta cewa kuskuren magina ne. Malamarmu ta ja layi ƙarƙashin jimlar, ta tambaye ni ko na taɓa ganin maginin da zai sassaƙa dutse mako da makonni don kuskure.

Ashe da can akwai shingen katako mai sassaƙa da ya raba sassan biyu, a samansa wani ɗan dandamali, sama da shi kuma babban gicciye da siffar Maryamu da ta Yohanna dama da hagu. Matakalar can take kaiwa. An sauke gicciyen a zamanin Sarki Edward na 6, wanda ya hau mulki a 1547, sannan a 1561 Sarauniya Elizabet ta 1 ta ba da umarnin cire dandamalin. Katako ya tafi, dutse ya zauna. Shingen ma ba ado kaɗai ba ne, iyaka ce: gyaran zaure na kan mutanen gari, gyaran sashen bagade na kan limamin cocin. Shi ya sa za ka ga gari ya yi arzikin ulu, zaure ya yi tsawo da manyan tagogi, sashen bagade kuwa yana nan yadda kakanni suka bar shi.

Malamar ta tura ni ƙauyen Wenhaston, kuma can ne kaina ya waye. Ni dai na ɗauka fararen bangayen cocin nan haka aka gina su, fari fat. A 1892, ana gyaran cocin, aka ciro wasu allunan katako masu farar ƙasa daga saman bakan da ke gaban bagade, aka yar a waje. Da dare ruwa ya sauko ya wanke su. Gari na wayewa sai ga zanen ranar hisabi, wanda aka yi wajen shekarar 1500: Mala'ika Mika'ilu riƙe da mizani, Manzo Bitrus na karɓar sarki da sarauniya da shugabannin coci, dukkansu tsirara sai hulunan muƙami a ka, gefe guda kuma bakin wani ƙaton kifi na haɗiye 'yan wuta. Na daɗe tsaye gabansa. Abin da ya fi kama ni shi ne wuraren da fenti bai taɓa ba, domin a tsakiyar allon akwai surar gicciye da ta mutum biyu, katako tsura, inda siffofin suke manne sa'ad da mai zane ya zagaye su da burushi. An cire su shekara ɗari huɗu da ɗoriya, amma gurbinsu bai gushe ba.

Na koma cocina da wani ido. Ramin nan mai kamar ƙwarya a bangon kudu kusa da bagade, wanda na kira ma'ajiyar fitila, wurin wanke kayan ibada ne, da 'yar huda da ke kai ruwan cikin ƙasa. Inda duk ka gan shi, to bagade ya taɓa zama a wurin ko da yanzu kujeru ne. Kujerun ma baƙi ne, mutanen farko a tsaye suke ibada. Kwatarniyar dutse ta baftisma tana kusa da ƙofar shiga da gangan, don ta nan jariri ke shigowa cikin jama'a. Hatta hasumiyoyi masu da'ira da ke yankin, fiye da ɗari a gundumar Norfolk mai maƙwabtaka kaɗai, galibi ana danganta su da dutsen ƙanƙara, wanda ba ya ba da kusurwa mai kyau.

Na sake zanen daga farko. Abin da ke tsaye na yi shi da baƙin layi, abin da ya taɓa tsayawa na yi shi da ɗige-ɗige. Da na gama, ɗige-ɗigen sun kusa cika takardar, matakalar kuma ta sami inda za ta sauke mutum.