Yadda Na Jawo wa Kaina Saɓar Fata

Ƙannena, ina da shekara 24 wani kirci mai farin ɓawo ya fito mini a gwiwoyi, wanda daga baya likita ya ce mini sunansa soriyasis. Maimakon in je asibiti, sai na nufi kemis ɗin unguwarmu, aka haɗo mini man shafawa mai ƙarfi da ƙwayar prednisolone, wani maganin rage kumburi da ƙaiƙayi. Cikin mako guda wurin ya yi sumul, na ci gaba da sha wata da watanni, har ranar da na ga kamar na warke, na daina dare ɗaya.

Ba a yi mako biyu ba fatata ta rikice daga kai har ƙafa. A jikin baƙar fata jan da irin wannan ciwo ke sawa ba ya fitowa sosai, don haka tawa duhu ta yi, ta ɗauki zafi, ta riƙa saɓa. Kowace safiya mahaifiyata takan share ɓawon daga shimfiɗata kamar dusa. Ana tsakiyar zafin Afrilu ina rawar ɗari cikin bargo, domin fatar da ta lalace ba ta iya riƙe ɗumin jiki, ruwa da furotin kuma suna zurarewa ta cikinta, har ƙafafuna suka kumbura. Kuskurena na biyu shi ne kwana goman da na ɓata ina jiƙe-jiƙe da hayaƙi, saboda an ce mini sammu ne.

Likitoci suna kiran wannan hali eritrodama idan ya mamaye kashi 90 cikin 100 na fata, kuma kusan kullum akwai wani abu a ƙarƙashinsa. Yakan taso daga soriyasis ko tsohon kirci, ko daga magani irin su Septrin, allopurinol na wani ciwon gaɓoɓi da carbamazepine na farfaɗiya, wani lokaci kuma daga ƙanjamau ko sankarar da ke kama fata. Abin da ya fi tsoratar da ni shi ne jin cewa yakan iya gajiyar da zuciya, ko ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofar shiga jini.

Don Allah kada ku sha prednisolone ba da umarnin likita ba, wanda kuma ya daɗe yana sha kada ya yanke lokaci guda, domin a hankali ake rage ta. Idan kuka fara sabon magani ƙuraje suka bazu a jiki da zazzaɓi, ku je asibiti a ranar, ku tafi da kwalin duk abin da kuka sha ko kuka shafa, har da na gargajiya. Ni sai da likita ya ga fankon ƙwayar a aljihuna sannan ya gane inda matsalar ta faro.