Asabar: Dariya da Abin da ke Ƙarƙashinta

Yau ko ƙofar gida ban leƙa ba. 'Ya'yan Yaya suna wurinmu, tun da hantsi suka tasa ni gaba da "Gwaggo, a kunna mana Mr. Bean." Na kunna musu na koma gefe da niyyar duba waya, sai ga ni na fi su zuba ido.

Kashin da suka zaɓa shi ne na daren sabuwar shekara. Bean ya gayyato abokai biyu, ya rasa abin kirki da zai tarbe su da shi, zaman ya gundure su. Yana juya baya suka tura agogon bango zuwa sha biyu, aka yi murna, suka yi masa sallama suka shige wurin maƙwabci inda ake shagali. Shi kuwa ya je ya kwanta da 'yar tsanarsa. Sai da sha biyun gaskiya ta buga, ya ji sowar mutane ta bango, sannan ya gane an yaudare shi. Yara har da birgima a ƙasa. Ni kuwa wani abu ne ya tokare min maƙogwaro.

Kashi 15 kacal aka yi na shirin nan, daga 1990 zuwa 1995, kuma da wuya ka ji Rowan Atkinson, mai fitowa a matsayin Bean, ya furta cikakkiyar jimla a ciki. Amma idan mutum ya lura, kaɗaici ne jigonsa. A kashin Kirsimeti shi yake rubuta wa kansa katin gaisuwa, ya fita ya zura ta ƙofarsa, ya dawo ya buɗe yana murna kamar wani ne ya tuna da shi. Ba wanda ya tsaya ya ce maka ga abin tausayi. An bar shi a fili, mai gani ya gani, yaro kuma ya sha dariyarsa.

Da la'asar Yaya ya zo, na faɗa masa. Ya ce, "Ke dai kin cika zurfafawa. Abin dariya ai dariya ce. Ni don in manta da damuwa nake kallo, ba don a ƙaro min wata ba." Na ce, "Yaya, to wane kashi ka fi tunawa a The Fresh Prince of Bel-Air?" Ya yi jim. Na san amsar, domin tare muka kalla. Kashin 1994 ne, inda mahaifin Will, jarumin shirin, ya dawo bayan shekara 14 da guduwa, ya yi masa alkawarin tafiya tare, sannan ya sake zamewa. Will ya dage yana nuna ko a jikinsa, yana lissafo abubuwan da ya koya ba uba, har muryarsa ta karye ya tambayi Phil, mijin innarsa, dalilin da ya sa mahaifinsa ba ya son sa. Phil bai ce uffan ba, rungume shi kawai ya yi. Yaya ya ce, "Wannan daban ne." Na ce ba daban ba ne. Da ba mu shekara muna dariyar rawar kan yaron nan ba, da kukansa bai taɓa mu haka ba. Dariyar ce ta sa muka saba da shi har ya zama na gida.

Amma na yarda hanyoyin biyu ba ɗaya ba ne. Fresh Prince yakan dakatar da barkwanci cak, ya ce yanzu lokacin kuka ne. Bean ba ya tsayawa. Na fi girmama irin ta Bean, ko da yake ta Will ce ta sa ni hawaye.

Bayan yara sun yi barci na nemo kashin ƙarshe na Blackadder Goes Forth, wanda BBC ta nuna a 1989. Atkinson ɗin dai ne, wannan karon kyaftin ne mai kaifin baki a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, shekarar 1917. Duk kashi shidan dabara yake ƙullawa don ya tsere wa fagen daga. A na ƙarshe har haukan ƙarya ya yi, ya kifa ɗan kamfai a kai, ya cusa fensir a kowane hanci. Dabarar ba ta ci ba. Shi da abokansa sojoji suna jere a gindin tsani suna jiran usur, har lokacin raha suke yi, sai dai ka ji rahar ta canza, ta zama ta mutanen da suka san ba za su dawo ba. Aka busa, suka haura cikin hayaƙi da ruwan harsashi, hoton ya rikiɗe ya koma fili mai jajayen furanni. Ko sunayen 'yan wasa ba a jero ba. A nan ba ka iya raba dariyar da baƙin cikin, domin tsoron mutuwa ne yake haifar da barkwancin tun daga kashin farko.

Wannan ya tuna min da M*A*S*H, na likitocin sojan Amurka a yaƙin Koriya, shirin da ya gudana daga 1972 zuwa 1983. Masu shirin ba su so dariyar nan ta na'ura da ake liƙawa, tashar CBS kuma ta nace. Aka daidaita a kan cewa ba za a sa ta a ɗakin tiyata ba. Likitocin suna ta zolayar juna a kan mara lafiya, amma ba mai ce maka ka yi dariya, sai ka ji nauyin zolayar.

Abin da ke ɓata min rai shi ne shirye-shiryen da suka ga wannan ya karɓu suka mayar da shi ƙa'ida. Minti ashirin ana shirme, saura minti biyu a saki kiɗa mai sanyi, wani ya yi jawabin nadama, a rungumi juna. Mako mai zuwa ka tarar da mutumin yadda yake, ko tabo babu. Irin wannan ko sau goma aka maimaita min ba na jin komai, kuma yawanci kafin kiɗan ya ƙare na canza tasha.