Yaron gona mai ɓoye mushe, maigida ne ya koya masa

Ƙannena masu shirin zuba kuɗi a kiwon kaji, na san abin da ke cin ranku: gini, abinci, 'yan tsaki, rijiyar burtsatse. Ba mai sa yaron gona a lissafi, alhali shi ke kwana ya tashi da kajin, kai kuwa sai Asabar ka leƙo. Ni ma haka na fara. Na buga dokoki da Turanci na manna a ƙofa, yarana kuwa almajiran allo ne, ajami suke karantawa.

Dokar da ta fi cutar da ni ita ce ta yankan albashi: duk kazar da ta mutu, a cire kuɗinta a hakkin mai kula da ɗakin. Na zaci hakan zai sa su sa ido, sai kawai na daina jin labarin mutuwa. Kaza ta mutu da asuba, kafin rana ta fito an wurga ta bayan katanga, karnuka sun ja. Wadda ta fara layi kuma a sa mata wuƙa, a miƙa wa dillali a kan babur. Ban farga ba sai da cutar Nukasil ta cinye ɗaki guda a tsakiyar hunturu: koren zawo, haki, wuya a murɗe, ƙwai ya ɗauke. Yanzu duk wanda ya riga kawo min rahoton kaza mai rurrufe ido, tukuici yake samu. Mushe kuwa rami mai zurfi ko wuta, a gaban idona.

Kada ka ba yaro doka ba tare da dalilinta ba. Ka ce ya tsoma ƙafa a ruwan maganin bakin ƙofa, zai tsoma, amma in bai san kashi da taɓo na kashe ƙarfin maganin ba, sai ruwan ya yi mako ya koma kwata. A kankare takalmi tukuna, a sauya ruwan kullum, kuma kowane ɗaki da takalmin robarsa. Aiki ya fara daga 'yan tsaki, ya bi manya, marasa lafiya su zo ƙarshe.

Rigakafi ma a hannunsa yake lalacewa. Lasota, wato rigakafin Nukasil, da na cutar gumboro ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, ba ta jure zafi, shi ya sa ake ajiye ta tsakanin digiri 2 zuwa 8. Na taɓa aiken yaro ya sayo, ya saka kwalbar a aljihu, ya tsaya sallar azahar a kasuwa. Laifina ne, ban ba shi kula da ƙanƙara ba. Ruwan famfo mai kulorin shi ma yana kashe ta. A ɗauke wa kaji ruwa kamar awa ɗaya ko biyu su ji ƙishi, a dama rigakafin a ruwan shansu, su shanye cikin awa biyu.

Sai baƙin kaya. Kiret ɗin mai sayen ƙwai da tsofaffin buhunan masu sayen kashin kaji don taki sun zaga gonaki da yawa kafin taka, a bakin get za su tsaya. Ka kuma tambayi yaronka ko yana kiwon kajin gida ko agwagi, domin agwagwa kan ɗauki murar tsuntsaye tana yawonta lafiya lau. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a gonar kaji a Afirka, a Jaji ta jihar Kaduna, ta kuma dawo ta Kano da Legas a 2015. In kaji suka fara zubewa farat ɗaya, tukkunsu ya yi baƙi-baƙi, a rufe gona, a kira ofishin likitan dabbobi na jiha su ɗauki samfur zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, jihar Filato.

Kai ma dokar ta hau kanka. Na sha shiga da abokai ɗakin kaji da takalman da muka taka kasuwa, yara na kallo. Baƙo yanzu, ko surukina ne, ta bayan raga yake kallon kaji.