Gyaran Motocin Sintiri a Apo: Mita Ba Ta Faɗin Gaskiya

Duk bakaniken da ke karɓar motocin ’yan sanda a nan Apo, Abuja, ya san yawancinsu Toyota Hilux ce, sai jifa-jifa a ga Innoson. Mai fetur, injin 2TR lita 2.7, ita muka fi gani a garejinmu. Tana shan baƙin mai kusan lita biyar da rabi idan an haɗa da sauya filta.

Inda ake yawan kuskure shi ne lissafin juyen mai. Motar gida ana duba mita, in ta ci kilomita 5,000 a juye. Motar sintiri kuwa takan wuni a shingen bincike, ko cikin cunkoson Nyanya zuwa Mararaba, injin na aiki, taya ba ta juyawa. Mita ba ta ƙirga wannan. Kamfanin Ford, a motocinsa na ’yan sandan Amurka, ya lissafa awa guda ta irin wannan tsayuwa daidai da tafiyar mil 33, wato kusan kilomita 53. To, motar da ta tsaya awa shida kullum a kunne, cikin wata guda ta ci abin da ya haura kilomita 9,000 ba tare da mita ta sani ba. Ka buɗe murfin injin ka ga mai ya daskare kamar kwalta, alhali takarda ta ce lokaci bai yi ba. Shi ya sa muke ba jami’in sufuri shawarar juye duk wata, ko mita ta ce me.

Sai wutar lantarki. Jiniya, fitilar saman rufi da rediyon oba-oba duk batir ɗaya suke ja, kuma altaneta, na’urar da ke cajin batir, ba ta caji sosai idan mota na tsaye. Mafi muni, wasu masu wayarin sukan ɗaura jiniya a kan wayar fitila, babu fiyus. Ranar da roba ta narke, sai hayaƙi daga ƙarƙashin sitiyari. Daidai shi ne a ja mata waya tata daga batir, da fiyus ɗinta kusa da kan batir ɗin.

Bayan motar an yi shi ne don kaya kusan tan guda. A ɗora benci na ƙarfe da mutum takwas da kayan aikinsu, a bi hanyoyin ƙauyukan Kuje ko Kwali da damina, sifirin baya ne ke fara karyewa, shokozoba ta biyo. Kada a yi wa sifirin walda, a sauya ganyen, wato fallen ƙarfen da ya karye.

Lagireto kuma a daina ɗura masa ruwan rijiya. Tsatsa ke toshe shi, injin ya yi zafi, gaskit ya ƙone. Filtar iska, lokacin hunturu, a kakkaɓe ta duk mako.

Batun kuɗi, aikin hukuma ba ya gudu amma yana jinkiri, mai kayan gyara kuwa ba ya jira. Kada ka taɓa sufana sai an kawo takardar izinin aiki mai sa hannu da lambar motar. Tsofaffin kayan da ka cire, ka ɗaure su a buhu ka miƙa wa direba ya sa hannu ya karɓa, don ranar biya za a tambaya.