Layukan da ke rawa a kwamfutar shagona

Shagona bai fi taku huɗu ba, a bakin titin da motocin shanu ke bi zuwa Maigatari ranar Alhamis. Buga takardu nake yi, da fotokofi, da cike wa yara fom ta intanet. Kwamfutar tebur ɗaya gare ni, 'yar kwatano da na sayo a Kano, Windows 10 ce a kanta. Da sola nake tashinta, faranti biyu da batir ɗaya wanda ya fara gajiya.

Ba kwalliya ce ta fara kai ni ga wannan saiti ba. Wata rana na tafi sallar azahar na bar takardar rabon gadon wani gida a buɗe, da na dawo sai na tarar da samari biyu sun leƙo ta taga suna karantawa, ɗaya har yana ƙirga gonaki da yatsa. Kowa ya san magana ba ta kwana a ƙauye. A ranar na nemi abin da zai rufe fuskar kwamfutar da kansa idan na tashi. Screen Saver aka rubuta a jikinsa, ni kuwa labule nake ce masa, don aikinsa ke nan.

Hanyar ba ta da nisa, ɓoye ta kawai aka yi. Ka danna ɓangaren dama na linzami a fili, ka zaɓi Personalize, ka shiga Lock screen, ka gangara can ƙasa inda aka rubuta Screen saver settings. Wani ɗan akwati zai fito da jerin sunaye: 3D Text, Blank, Bubbles, Mystify, Photos da Ribbons. A ƙarƙashinsu akwai Wait, inda za ka sa mintunan da za a jira. Na sa 3. Sai ɗan gurbin da ya fi komai amfani a wurina, On resume, display logon screen. Idan ka yi masa alama, duk wanda ya taɓa linzami sai ya shigar da kalmar sirri kafin ya ga komai.

Na zaɓi Mystify. Na gwada Bubbles, amma balan-balan ɗin a kan takardarka suke yawo, ana hango rubutun ta bayansu, ka ga an yi ba a yi ba ke nan.

Da farko minti 10 na sa, kuma kwana biyu labulen bai fito ba ko sau ɗaya, fuskar sai dai ta yi baƙi ƙirin. Har na fara zargin kwamfutar. Ashe a can wajen Power & sleep an saita ta ta kashe fuska bayan minti 5, wato ana kashe fitila kafin mai rawa ya shigo fili. Dole lokacin labule ya gaza na kashe fuska. Yanzu 3 ne da 10.

Mystify layuka ne masu launi da ke shawagi a baƙin fili, su lanƙwashe, su harɗe, su ware, kowanne da jelar haske a bayansa. Tsohon abu ne, tun Windows 3.1 ta 1992 yake. A wancan zamani yana da aiki na gaske. Tsofaffin fuskokin kwamfuta masu tozo, irin talabijin ɗin da, sinadarin da ke ba da haske a cikinsu yakan ƙone idan hoto ɗaya ya daɗe a tsaye, sai inuwarsa ta zauna har abada. Shi ya sa aka ƙirƙiro abin da zai riƙa motsi. Falen fuska irin tawa ba ta cika samun wannan ciwo ba, don haka kada wani ya ce maka yana tsawaita mata rai. Lokacin da na koyi kwamfuta a kan Windows XP, labulen 3D Pipes muka fi so, fayif-fayif suna gina kansu kamar aikin mai gyaran famfo da ya haukace. Daga Windows Vista aka cire shi.

Maƙwabcina tsoho ne mai ɗinkin hula, a inuwar rumfata yake zama da zarensa. Ranar da ya fara ganin layukan sai ya ajiye allura.

"Kai ɗan nan, wa ke zana wannan?"

Na ce, "Baba, ba kowa. Lissafi ne kawai."

"To zayyanar allo da me ake yin ta, in ba lissafi ba?"

Ya daɗe yana kallo, sannan ya yanke hukunci: aikin yana da kyau amma mai shi ba ya ɗaure ƙulli. Dagi, in ji shi, duk inda ya zaga sai ya komo inda ya faro, wannan kuwa tafiya kawai yake. Ya ga wata harɗa da ta burge shi, ya miƙa hannu wai in tsayar masa ya kwafa, gwiwar hannunsa ta bugi linzami, komai ya ɓace. Ya ce ai ya san za a rina, abin da ba zare ba ne ba ya riƙuwa.

Shi ne ya ce layukan sun yi kaɗan. Na danna Settings, kwamfuta ta ce babu abin saitawa, alhali a XP kana iya zaɓar yawan layuka da launinsu. Amma akwai ƙofar baya. Ka danna madannin Windows da R tare, ka rubuta regedit, ka bi HKEY_CURRENT_USER, Software, Microsoft, Windows, CurrentVersion, Screensavers, har Mystify. A nan ka ƙirƙiri sabon DWORD, wato gurbin sa lamba, mai suna NumLines, ka zaɓi Decimal, ka sa adadin da kake so. Na sa 20, Baba ya ce ya zama kamar zaren da akuya ta shiga. Muka tsaya a 8. Wurin nan rumbun kwamfuta ne, abin da ka shiga yi kaɗai za ka taɓa ka fito.

Yara kan kawo mini wasu labulen a filash, wai masu taurari da kifaye. Ba na karɓa. Fayil mai ƙarewa da .scr manhaja ce cikakkiya, tana iya ɗauke da bairos, kuma takardun mutane ne a kwamfutar nan.

Matsalar da ta rage ita ce wuta. Muddin layukan na rawa, fuska a kunne take, injin ma yana aiki, batir na zuba. Da rani ban damu ba. Amma a watan Agusta, idan hadari ya rufe rana tun safe, nakan je Power & sleep in mayar da kashe fuska minti 2, in kulle da madannin Windows da L idan zan tashi. Ran nan Baba ya zo ya zauna, ya jira, ya ga baƙi kawai. Na nuna masa sama. Ya duba gajimaren, ya zare allurarsa daga jikin hula, ya ce in rana ta fito in kira shi.